Tarin Waƙoƙin Shata: Abin da Aka Zaɓa da Abin da Aka Bari

A garin Kiyako cikin ƙasar Birnin Kudu, da kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, da sauran garuruwan kudancin Jihar Jigawa, akwai wata sana'a wadda kakanni ba su san ta ba. Saurayi za a tarar zaune cikin rumfa da kwamfuta a gabansa, aikinsa tura wa mutane waƙoƙi cikin wayoyinsu. Samari su kan nemi waƙoƙin finafinai. Amma in dattijo ya tsaya, ko direba, ko mahauci, sau da yawa maganarsa ɗaya ce: "Yaro, zuba mini Shata." Saurayi ya ce, "Baba, wacce da wacce?" Dattijo ya ce, "Duk waɗanda suka yi fice." Nan da nan sai a cika masa ɗan katin nan da bai fi farcen yatsa girma ba, ya biya, ya kama hanya, muryar Shata tana tashi daga aljihunsa.

To, wannan ɗan kati ba abin rainawa ba ne. Yaron da aka haifa bayan 1999 bai taɓa ganin Shata tsaye a dandali ba, ba kuwa zai gan shi ba. Abin da aka zuba masa cikin kati, shi ne Shata a wurinsa. Waƙar da ta shiga za ta rayu, wadda aka bari kuwa tana iya mutuwa tare da dattawan da suka san ta. Saboda haka ya kamata a auna wannan tari, a ga abin da ya riƙe da abin da ya zubar.

Yadda Turawa Su Ke Yi

Tara fitattun waƙoƙin mawaƙi wuri guda al'ada ce da ta daɗe a ƙasashen Turawa. In mawaƙi ya tsufa, ko ya mutu, kamfanin da ke buga masa faifai ya kan tsamo waƙoƙinsa da suka fi karɓuwa tun daga farkonsa har ƙarshensa, ya haɗa su cikin faifai ɗaya. Zaɓen ba ya yi musu wuya ƙwarai, gama kowane mako su kan fitar da jerin waƙoƙin da aka fi saye, watau su san wadda ta zo ta ɗaya da wadda ta biyo baya.

Ga misali. Akwai wani mawaƙin Amurka, Elvis Presley, wanda a ke yi wa kirari da sarkin kiɗan rok, wani kiɗa ne mai zafi da a ke yi da jita da ganguna. An haife shi a 1935, ya mutu a 1977. A 2002, shekara 25 bayan mutuwarsa, kamfanin RCA ya fitar da tarin waƙoƙinsa 30 waɗanda suka taɓa zuwa na ɗaya a Amurka ko a Ingila, aka jera su bi da bi daga 1956 zuwa 1977. Wanda ya saurare su a jere zai ji yadda saurayi mai ɗanyar murya ya zama magidanci, har ya zama mutumin da gajiya ta kama. Wannan abin yabo ne. Amma waƙoƙin da ya fara yi a wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Sun, a birnin Memphis, cikin 1954 da 1955, ba su sami shiga ba. Alhali kuwa masana kiɗa sun ce a cikinsu ne salon nasa ya tsiro. Watau an ɗebi 'ya'yan itace, an bar saiwa.

Haka kuma Bob Marley na ƙasar Jamaika, wanda mutanen Nijeriya suka fi sani. Ya mutu a 1981, a 1984 aka fitar da tarin waƙoƙinsa mai suna Legend, wanda ya fi duk sauran faya-fayansa ciniki. Masu tsara shi sun nufi kasuwar Turawa, don haka suka fi ɗibar waƙoƙin da ke da laushi. Ba su ɗauki ko ɗaya ba daga faifansa na 1979 mai suna Survival, inda ya yi waƙar 'yancin Zimbabuwe da ta haɗin kan Afirka. Mutane da yawa sun san Marley ta wannan tari kaɗai, sun ɗauka mai waƙar soyayya da nishaɗi ne kawai.

Abin lura a nan shi ne, mai zaɓe yana da iko babba. Ba ya ƙara wa mawaƙi ko kalma ɗaya, amma ta wurin abin da ya bari yana iya sake masa kama.

Mutumin da Aka Tara

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, gama a ganinsa waƙa roƙo ce, gidansu kuwa ba gidan roƙo ba ne. Shata ya yi tallan goro da alewa, ya fara waƙa a dandalin samari da 'yan mata. Daga baya ya zauna Bakori, ya zauna Funtuwa da Kano, ya kewaya ƙasar Hausa da ƙasashen maƙwabta, har ya je Ingila da Amurka. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dakta. Ya taɓa siyasa, har ya shugabanci jam'iyyarsa a Ƙaramar Hukumar Funtuwa. Ya rasu a watan Yuni na 1999, aka binne shi a Daura, garin babban ubangidansa, Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Ya yi fiye da shekara 50 yana waƙa, shi kansa bai san yawan waƙoƙinsa ba.

Domin a gane matsayinsa, sai a gwada shi da manyan mawaƙan fada. Ibrahim Narambaɗa ya yi kiɗan kotso, ya tsaya ga Sarkin Gobir na Isa. Sarkin Taushin Katsina kiɗansa taushi, wurinsa fadar Katsina. Waɗannan kayan kiɗan sarauta ne, masu su kuma kowa da inuwar da ya ke zaune a ƙarƙashinta. Shata kuwa kalangu ya riƙa, kiɗan mahauta da kasuwa da dandali. Da wannan kalangu ya shiga fada, da shi ya fito ya tafi tashar mota. Ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa attajiri, ya yi wa direba da soja da manomi da sarkin bori, ya yi wa mata, ya yi wa dabbobi da garuruwa. Ya yi yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma yi waƙar mashaya. Girman Shata a faɗinsa ya ke. Duk tarin da za a yi masa, da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Abin da Tarin Ya Riƙe

Gaskiya ita ce, tarin da a ke samu a kasuwa bai rasa albarka ba. Da wuya a cika kati ba a sa Bakandamiya ba, watau waƙar da Shata ya yi wa kansa kirari a cikinta. Nan mai sauraro zai ji mutumin da ya san nauyinsa, yana gwada kansa da abubuwan da a ke tsoro, yana ƙalubalantar abokan sana'a, ba tare da ya ɗaga murya ba. Da wuya kuma a rasa waƙar Sarkin Daura, wadda ta nuna cewa kalangu yana iya ɗaukar nauyin sarauta in ya sami gwani. A kan sami Gagarabadau, inda harshensa ya zama aska. A kan sami waƙar kumbon Apollo 11, wanda ya kai mutane duniyar wata a 1969, inda ya ɗauko abin da ya faru a nesa ƙwarai ya sa shi cikin Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane.

Waɗannan sun isa su nuna gwanintarsa. Shata ba ya neman kalma mai wuya. Maganarsa gajera ce, irin ta zaure da bakin kasuwa, sai dai ya san inda zai ajiye ta. Ya kan jefa ɗan zance, ya yi shiru, ya bar 'yan amshi su cika wurin, kalangu kuma ya maimaita abin da aka faɗa. Kalangu kuwa ganga ce mai magana, domin makaɗi yana matsa tsirkiyarta a hammata, sautin ya hau ko ya sauka kamar yadda muryar Bahaushe ke hawa da sauka. Saboda haka a waƙar Shata bakuna uku ke magana: nasa, da na 'yan amshi, da na kalangu. Yawan maimaicin da baƙo zai ga kamar ƙarancin zance ne, a nan ne mawaƙi ke samun sararin ƙulla ɗa na gaba, gama ba ya zama ya tsara waƙa a gida, a tsaye ya ke yin ta.

Har wa yau, ɗan katin nan ya kai Shata inda faifai bai taɓa kai shi ba. A zamanin garmaho sai mai hali ke da akwatin. A zamanin da Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ke sa waƙoƙinsa, sai mutum ya jira lokacin da aka ga dama. Yau kuwa manomi yana cikin gonarsa a bayan Kiyako yana jin wadda ya ke so. Hausawa sun ce, da babu gara ba daɗi. Wannan kuwa ya wuce ba daɗi.

Abin da Tarin Ya Zubar

Amma aibobinsa manya ne, guda huɗu.

Na farko, babu tsari. An zuba waƙoƙi kamar yadda a ke zuba tsaba a buhu. Wadda ya yi yana da ƙarfinsa tana kusa da wadda ya yi da furfura, ba shekara, ba wuri. Wata ma ba suna, sai lamba. Alhali kuwa muryar Shata ta yi tafiya. Ta farko siririya ce mai sauri, ta mutumin da ke neman a san shi. Ta ƙarshe ta yi kauri, ta yi nauyi, ta fi kusa da zance, ta mutumin da ba ya neman kome wurin kowa. Wanda bai ji su a jere ba ya ji waƙoƙi, amma bai ji rayuwar mai su ba. A nan masu tarin Elvis sun yi abin koyi.

Na biyu, ba a san wace aka ɗauka ba. Waƙar Bature, in an buga ta a faifai, ta zauna ke nan, ko'ina aka ji ta ita ce. Ta Shata ba haka ta ke ba. Ya yi Bakandamiya sau da yawa, kowane yi da abin da ya ƙara da abin da ya rage, gwargwadon wurin da mutanen da ke gabansa. Ban da wannan, abin ɗaukar ma yana da hukuncinsa. Faifan garmaho na dā ba ya ɗaukar fiye da kamar minti 3 a kowane gefe, tilas mawaƙi ya taƙaita. Babban faifai, irin wanda kamfanin EMI ya buga masa, yana ɗaukar kamar minti 20. Kaset kuwa minti 30 ko 45 a gefe ɗaya, in zare ya ƙare sai waƙa ta yanke ko da a tsakiyar magana ne. Yawancin abin da ke cikin kati daga irin waɗannan kaset-kaset aka kwafo shi, kaset daga kaset, har sautin ya dushe. Wani lokaci rikodar da aka yi kwafin da ita tana gudu fiye da kima, sai muryar dattijo ta koma kamar ta yaro. Mai saye bai sani ba, yana tsammani haka Shata ya yi ta.

Na uku, shi ne mafi girma, zaɓen ya karkata. A ƙasar Hausa ba a taɓa ajiye jerin ciniki irin na Turawa ba. Mai zaɓe a nan shi ne saurayin rumfa, shi kuwa abin da aka fi tambaya ya ke ajiyewa. Abin da aka fi tambaya shi ne abin da aka fi ji a rediyo, abin da aka fi ji kuma shi ne waƙoƙin sarakuna da manyan attajirai, domin su ne aka fi ɗauka, aka fi adanawa. Ta haka sannu a hankali Shatan kati yana komawa mawaƙin manya kaɗai, abin da bai taɓa zama ba. Waƙoƙin ƙuruciyarsa na dandalin Musawa, tun ba a kai ga sa shi a faifai ba, sai abin da ya rage a bakin tsofaffi. Waƙar da ya yi wa wani direba ko wata mai abinci a daren biki, in an yi sa'a tana cikin kaset ɗaya a ƙasan adakar wani gida. Akwai kuma masu tsabtace shi da gangan: wani ya cire waƙar mashaya don kada a ga laifin marigayi, wani ya cire zambo don kada a ɓata wa jikokin wanda aka yi wa rai. Niyyar tana iya zama mai kyau. Ba a kuwa ce lalle kowa ya so kowace waƙa ba. Amma mutumin da ya yi yabon Annabi shi ne ya yi waɗancan, a zamani ɗaya, a gaban jama'a ɗaya, wanda ya ɓoye rabi ya ɓoye yadda ƙasar ta ke a lokacin.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya kuma. Ba kowace waƙar Shata ce gwana ba. Akwai waɗanda ba kome cikinsu sai jerin sunayen masu kyauta, wane ya ba da riga, wane ya ba da doki, wane ya ba da mota. Akwai inda ya yabi wanda bai kai ba, akwai inda zambonsa ya wuce gona da iri. Wanda ya yi waƙa kusan kullum har shekara 50 ba zai rasa irin waɗannan ba. Saboda haka zaɓe kansa ba laifi ba ne, tilas ne ma. Laifin shi ne a yi shi da ma'aunin suna kaɗai. Wata 'yar waƙar da ba a san wanda aka yi wa ba ta fi wata ta babban mutum armashi nesa ba kusa ba.

Na huɗu, an manta da mutanen da ke bayansa. An riga an ce bakuna uku ke magana, amma suna ɗaya ke kan kati. Makaɗan da suka riƙe kalangu da 'yan amshin da suka yi shekaru suna tsaye a bayansa ba a ambatonsu. Kuɗin da dattijo ya biya a rumfa kuwa ladan turi ne, ba na waƙa ba, ba abin da ke komawa ga magadan masu aikin.

Darasin Duwatsun Birnin Kudu

Mutanen wannan yanki ba su bukatar a tafi da su nesa kafin su ga ƙarshen kiɗan da ba a adana ba. A Birnin Kudu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse. Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse su kan yi ƙara kamar ƙarfe. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan kayan tarihi na Jos, ya rubuta bayanin irin waɗannan duwatsu a 1956. Har yanzu ana ganin guraben da yawan bugu ya lotsa a jikinsu, shaidar cewa hannuwa da yawa sun yi kiɗa a nan shekaru masu yawa. Amma wace waƙa masu zanen suka rera, wa aka yi wa, wane ne gwaninsu? Dutse ya riƙe gurbin hannu, bai riƙe suna ba. Shata ya fi su sa'a, gama an kama muryarsa. Sai dai murya ba labari rabin ajiya ce.

Labarin kuwa bai ɓace duka ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi binciken digirinsa na Dakta a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah. Watau sani yana cikin littafi, sauti yana cikin kati, ba a haɗa su ba. Tarin da ya dace da Shata shi ne wanda zai haɗa su: a jera waƙoƙi bisa zamaninsu, kowace da sunanta, da wanda aka yi wa, da garin da aka yi ta, da shekara, in shekara ta gagara a ce zamanin wane sarki ne. A sa sunayen makaɗa da 'yan amshi. A sa Bakandamiya biyu ko uku, ta ƙuruciya da ta tsufa, don a ji bambanci. Kusa da kowace waƙar sarki a sa ta talaka, domin haka mai su ya yi su.

Wannan aiki ne na jami'o'i da gidajen rediyo da iyalan marigayi. Amma akwai rabon da ya faɗo kan mai karatu. A kowane gari ba a rasa dattijon da ya ga wasan Shata da idonsa, ko tsohon direban da ya san wanda aka yi wa wata waƙa da dalilin yin ta, ko gidan da ke da tsohon kaset wanda ba kowa ke da irinsa ba. Wanda ya iya riƙe alƙalami, in ya zauna da irin wannan dattijo, ya kunna masa waƙa, ya rubuta abin da ya faɗa, da sunan garin da lokacin, ya ajiye takardar tare da kaset ɗin inda gara da ruwa ba za su taɓa su ba, ya ceci abin da kuɗi ba za su sayo ba in dattijon ya kau.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mai ita ya riga ya tafi, abin da ya rage shi ne amanar da ya bari a hannun masu sauraro. Dattijon Kiyako da ya ce a zuba masa waɗanda suka yi fice bai yi kuskure ba, ya sami abin da zai ɗebe masa kewa. Amma in ya koma rumfa, ya kyautu ya ƙara tambaya ɗaya: "Yaro, ina sauran?" Allah ya jiƙan Shata, ya gafarta masa.